Hanes a kwandon injin ɗaga mutum: wace igiya za mu saka, kuma a ina za mu maƙala ta?

Ɗan Kakuri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar. Akwai aiki gabanmu a wani babban sito a Kakuri. A ciki za a canza fitilun rufi, tsawon kamar mita 8. A waje kuma za a kafa allon suna a jikin bango, da fitilu biyu a kan fol a bakin titi, wajen mita 12. An yi hayar inji biyu: mai almakashi, wanda ke miƙewa sama ɗoɗar, da mai hannu, wanda yara ke kira ceri-fika, mai kai mita 16. Hanes ɗin da ke hannunmu, wato madaurin jiki na tare faɗuwa, irin na masu sikafol ne, igiya biyu mai tsawon mita 2, da shakazoba mai rage ƙarfin fizga, da manyan ƙugiyoyi.

Gardama ta kaure tsakanin ma'aikata. Wasu sun ce kwando na da shinge har ƙugu, saka hanes a wannan zafin wahalar banza ce. Wasu sun ce a saka, amma a maƙala a ƙarfen rufi ko a jikin fol, don ko injin ya kife mutum ya tsira. Wanne ne daidai? Kuma wannan igiyar tamu ta yi, ko sai an sayo wata?

Injiniya Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kakuri, duka ɓangarorin biyu sun kauce, amma shawarar na biyun ta fi saurin kisa. Bari in fara da mai hannu, don a nan maganar take.

Ba kasafai mutum ke faɗowa daga kwandon mai hannu don ya zame ba. Cillo shi ake yi. Yi lissafi ka gani. Tsakanin tayoyin gaba da na baya kamar mita 2 ne. A ce na gaba sun faɗa ramin da bai wuce santimita 10 ba, ko silab ɗin kwata ya burma, alhali hannu na miƙe mita 16. Wannan santimita 10 ta ƙasa, kafin ta isa kwando ta zama kusan santimita 80, cikin ƙiftawar ido, sannan hannun ya lanƙwasa ya dawo da ƙarfi kamar danƙon harbin tsuntsu. Shingen kwando mita 1.1 ne kawai. Wanda aka cilla ta samansa zai wuce. Haka abin yake in tifa ko Keke ya bugi gindin injin a bakin titi, ko kwando ya saƙale a wani ƙarfe, mai tuƙi ya yi ta danna liba har ya fizge gaba ɗaya.

Don haka aikin igiya a nan shi ne ta hana ka fita daga kwandon tun farko, ba ta cafe ka bayan ka fita ba. Abin da ake buƙata hanes ne na jiki duka mai lambar ƙa'idar Turai EN 361, da igiya ɗaya gajeriya wadda ake iya ƙara mata tsawo ko a rage. A rage ta iya raguwa, yadda mutum zai iya aiki a tsaye amma jikinsa ba zai iya tsallake shinge ba. Wannan ita ce shawarar IPAF, ƙungiyar masu irin waɗannan injuna ta duniya, kuma kamfanonin da ke ƙera su a kanta suke. Bel ɗin ƙugu kaɗai, irin na masu hawa fol a da, ba ya cikin lissafi. Wanda ya rataya da shi duk nauyinsa kan ciki da ƙashin baya yake komawa, ko ma ya zame ya fita.

Igiyarku ta sikafol ba ta dace ba, ga dalili. An yi ta ne don mutum ya faɗo tukuna. Ita mita 2, shakazoba na iya yagewa ya ƙara har mita 1.75, daga zoben bayan mutum zuwa ƙafarsa tare da miƙewar hanes a ba shi mita 2, sai mita 1 na rara. Jimla mita 6.75 ke nan ake buƙata sarari fayau a ƙarƙashin inda aka maƙala. Duk lokacin da kwando ke ƙasa da haka, wato a hanyar hawa da ta sauka da lokacin da ake tuƙa injin, mutum na iya dukan ƙasa kafin igiyar ta gama tare shi. Na biyu, shakazoba yana rage fizgar ne zuwa kilonyutan 6, kamar nauyin kilo 600. Yawancin waɗannan kwanduna kilo 230 ne iyakarsu. Ka ga fizgar kilo 600 a bakin hannun da ke miƙe tana iya kifar da injin da duk wanda ya rage a ciki. Na uku, zoben maƙalawa na injunan da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai ta EN 280, abin da aka wajabta masa kilonyutan 3 ne ga mutum ɗaya, don riƙewa aka yi shi. Wasu injunan, musamman 'yan Amurka, zobensu ya fi haka ƙarfi. Sitikar da ke gefen zoben da littafin injin su za su gaya maka. Ba laifi gajeriyar igiya ta zo da ƙaramin shakazoba a jikinta, matuƙar an rage ta.

Wurin maƙalawa ɗaya ne: zoben da kamfani ya tanada a cikin kwando, yawanci a ƙasa ko a tsakiyar shinge, da hoton ƙugiya a gefensa. Mutum ɗaya zobe ɗaya, sai in an rubuta akasin haka. Ba a maƙalawa a saman shinge ko a jikin akwatin liba. Maƙalawa a ƙarfen rufi ko fol kuwa, yi tunanin abokin aiki ya taɓa liba, ko haidirolik ya saki, kwando ya yi ƙasa. Igiya za ta zare mutumin daga ciki ta bar shi yana lilo a sama, injin da zai ceto shi ya tafi. Kuma a maƙala tun injin na ƙasa, kafin a kunna, ba sai an kai sama ba.

Mai almakashi daban ne. Ba shi da dogon hannun da zai yi cilli, shingensa shi ne kariya, don haka bisa al'ada ba a buƙatar hanes a cikinsa, sai in littafinsa ko dokar wurin aikin ta ce a saka. Sharaɗin shi ne ƙofa a rufe, ƙafa biyu a kan daɓen kwando.

Makaniken Haidirolik:

Injiniya ya gama magana kan igiya. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba: a kan mai almakashi zan ƙara cewa in aikin zai sa mutum ya riƙa leƙawa waje yana miƙa hannu, kamar kwance fitilar da ke bayan bim, wato ƙarfen da ke riƙe da rufi, to a saka gajeriyar igiya a zoben injin. Wanda ya fi ma shi ne a sauko, a matsar da injin ƙarƙashin fitilar. Abin da ke kayar da mutane a mai almakashi shi ne taka shingen tsakiya, ko ɗora bokitin fenti ko ƙaramin tsani a cikin kwando don a ƙara tsawo. Da ka yi haka shingen ya koma gwiwarka. In injin bai kai ba, ba shi ne injin aikin ba.

Abin da nake so Oga Ɗan Kakuri ya riƙe shi ne hanes ba ya hana inji kifewa. Wannan aikin ƙasa ne. Kafin a shigo da injin a bi hanyar da zai bi da ƙafa. A nemi murfin sokawe da na masai, silab ɗin kwata, da ramin da aka haƙa don fayif ko kebul aka mayar da ƙasa ba a daddage ba. Jar ƙasar Kaduna da rani kamar kankare take, amma daga Yuli zuwa Satumba in ta sha ruwa sama na iya bushewa ƙasa na nan laushi. Mai hannu na mita 16 ya kan kai tan 6 zuwa 7, kuma in hannu ya juya gefe fiye da rabin nauyin na iya komawa kan taya ɗaya. In irin na kan mota ne mai ƙafafun jak, a fitar da su duka har ƙarshe, kowace ƙafa a kan faranti mai faɗi ko katakai masu kauri da aka jera. Bulo ba faranti ba ne, farfashewa yake ba sallama.

Injin na da ƙararrawar karkata da ta yawan lodi. Wasu masu haya kan cire musu waya don kuka ya dame su. Kafin ka karɓi inji ka ce a gwada su a gabanka, tare da jan maɓallin tsayar da komai na sama da na ƙasa, da fedar ƙafa. Fedar da aka danne da katako ko aka ɗaure da waya, a mayar da injin.

Sai iska. Injin da aka yi don waje iyakarsa yawanci mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa. Da yawa daga ƙananan masu almakashi na batir kuwa sifili aka rubuta musu, na cikin ɗaki ne zalla, kada a fito da su bakin ƙofar sito. A auna iskar a cikin kwando a can sama da 'yar na'urar hannu, don ta ƙasa ba ita ce ta sama ba. In babu na'ura, da manyan rassan bishiya sun fara kaɗawa wayoyin wuta na fito, an kai iyaka. Allon sunan nan naku shi ne abin tsoro: faɗinsa zai tare iska kamar tanti, don haka ko iskar ba ta kai iyaka ba tana iya ture injin. Kada a jingina shi a shinge ko a rataye shi a wajen kwando. A ɗaga shi da wani abin daban, mutanen kwando su ɗaure kusoshi kawai. Iskar hunturu takan yi ƙarfi da hantsi. Ta farkon damina, Afrilu da Mayu, ita ce mai zuwa bagatatan. Da an ga hadari ya haɗo ta gabas ko an ji tsawa, a sauko, kada a ce bari a ƙarasa kusa ɗaya.

Hajiya Mai Duba Kaya:

Sannunku da ƙoƙari. Ni a kan hanes ɗin kansa zan tsaya, don da yawa ganin kitse ake wa rogo.

Fara da lakabin da ke ɗinke a jikinsa. Dole a ga sunan kamfani, lambar EN 361, lambar siriyal, da wata da shekarar da aka ƙera shi. Wanda lakabinsa ya goge ko babu, ba a san shekarunsa ba, a ajiye shi. Yawancin kamfanoni shekara 10 ne iyakar da suke bayarwa daga ranar ƙira, amma a ranar Kaduna da ƙurarta, wanda ake aiki da shi kullum ba ya kai ko kusa. Na gwanjo kuma ban ba da shawara ba ko da sabo yake a ido, don babu mai gaya maka ko ya taɓa cafe wani. Hanes ko igiyar da ta taɓa tare faɗuwa sau ɗaya ta gama aiki.

Dubawar kowace safiya minti biyu ce. A bi madaurin da yatsu taƙi-taƙi, ana lanƙwasa shi kamar baka don yanka ya buɗe. Ana neman yanka a gefe, zare da ya tashi, wurin da ya yi tauri ko sheƙi saboda tartsatsin walda, launi da ya koɗe, da tabon fenti, siminti ko ruwan batir. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta nuna cewa yankan milimita 1 a gefen igiya na iya rage mata ƙarfi da kashi 5 zuwa 40 cikin ɗari, gwargwadon irinta. Milimita 1 fa, kaurin farce. Ruwan batir ya fi mugunta, don yana cin zaren ta ciki, kuma a but ɗin mota ɗaya ake jefa hanes da batir. A duba ɗinki, wanda da gangan ake yin sa da zare mai wani launi don a ga inda ya tsinke. Ƙugiya ta rufe da kanta ta kulle. In ƙurar hunturu ta sa tana cijewa, a wanke ta, in ba ta saki ba a canza. Bayan wannan, duk wata 6 wanda ya san aikin ya yi cikakken bincike ya rubuta a kati, wata 3 in ana aiki cikin siminti, fenti ko walda. Wanda ya faɗi jarrabawa a yanka shi da almakashi, in ba haka ba gobe za ka gan shi a jikin wani yaro.

Wanki da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Ban da fetur, ban da bilic.

Sakawa kuma: a zazzage aljihu tukuna, makulli da waya da sukurdireba, don madaurin cinya zai danna su cikin nama. A ɗaga hanes ta zoben baya a girgiza ya warware, a saka kamar riga. Zoben ya zauna tsakanin allunan kafaɗa, ba a wuya ba, ba a tsakiyar baya ba. Madaurin cinya a matse har tafin hannu a shimfiɗe ya shiga da ƙyar, dunƙulen hannu kuwa ya kasa. 'Yan'uwa maza, wanda ya bar shi sakwa-sakwa don zafi, ranar fizga ba sai na faɗi inda zai ji ba. Madaurin ƙirji a tsakiyar ƙirji. Igiya a zoben da aka yi wa alamar A. In gaban hanes na da madauki biyu masu alamar A/2, tare ake haɗa su a ƙugiya ɗaya. Zobban gefen ƙugu na jingina ne, ba na wannan aikin ba. A saka shi a kan obarol, ba a kan kaftani mai faɗi da zai tattare ya kama liba ba. Hular kwano kuma mai igiyar haɓa, don marar igiya ita ke riga mai ita isa ƙasa.

Ɗan Kakuri:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura uku. Kafin mu samu gajeriyar igiya, za mu iya ƙulla tamu ta rage tsawo? Akwai layin wuta da ya bi gefen titin, kamar mita 5 daga fol ɗin fitilun, amma unguwar takan wuni ba wuta. Sannan akwai fanka a saman rufin da ake so a duba, mutum zai iya fita daga kwando ya taka rufin?

Malam Lantarki:

Ranka ya daɗe, batun layin nan shi ne ya fi duk sauran. "An ɗauke wuta" ba ya nufin layi a mace yake. Za a iya dawo da ita kowane lokaci ba sanarwa, kuma janareta ko inbata na wani gida da ba a yi wa canjoba daidai ba na iya mayar da wuta cikin layin. Layukan cikin gari masu volt 415 ne, da 11,000 da 33,000. Manyan biyun ba sai ka taɓa ba, wutar tsallakowa take in an matso. Injin haya ƙarfe ne tun daga kwando har taya, kuma hanes ba ya yi wa wuta komai.

Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a ɗauki tsawon hannu a miƙe gaba ɗaya, a ƙara mita 9 in layin kan fol yake, mita 15 in kan hasumiyar ƙarfe ne irin waɗanda ke fitowa daga tashar Mando. Duk aikin da ya shigo cikin wannan tazarar sai da tsari na musamman. Mita 5 ɗinku ta shigo ciki sosai. A je ofishin kamfanin rarraba wuta na yankin a nemi su kashe layin a rubuce, su gwada, su sa masa at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, a gaban idonku, kuma ba mai mayarwa sai kun sa hannu kun gama.

In tsautsayi ya sa hannu ya taɓa waya, na cikin kwando ya tsaya cak, kada ya taɓa wani abu na waje. Na ƙasa kada su ruga su kama injin, nan ake rasa mutum na biyu. A ja baya aƙalla mita 10, a hana kowa matsowa, a kira a kashe layin.

Injiniya Tudun Wada:

Ƙulli a'a. Yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, kuma naɗa ta a shinge ko mayar da ƙugiya ta kama jikin igiyar duk hanya ɗaya ce. A jira gajeriyar, a fara da aikin cikin sito.

Fita daga kwando a sama kuma ba a yi injin don shi ba. Da mutum ya ɗaga ƙafa nauyi ya ragu, kwando yakan ɗan tashi, rata ta buɗe tsakaninsa da rufi. Ga kwanon da ya tsufa, da farin kwanon shigo da haske wanda ba ya ɗaukar mutum. In ba a iya duba fankar daga cikin kwando, aikin rufi ne, tsarinsa daban.

A cikin sito akwai wani hatsarin da ba mu taɓo ba: matsewa. Mai tuƙi na kallon ƙasa yana ɗagawa, bim ya danne ƙirjinsa a kan akwatin liba, jikinsa ya ci gaba da danna libar. Kusa da rufi a koma ƙaramin gudu, a kalli sama kafin kowane motsi.

Sai ceto, wanda dole a shirya tun kafin a hau. A bar mutum ɗaya a ƙasa wanda ya iya libobin ƙasa, ya san inda makulli yake, kuma ya gwada saukar gaggawa da hannunsa a safiyar ranar: famfon batir ko na hannu a mai hannu, jan mariƙin da ake fizga a gindin mai almakashi. Ba shi ake aike sayen abinci ba. Lokacin salla ya yi, a sauke kwando kowa ya tafi tare. Wanda ya rataya a hanes, madauri na datse jini a cinyoyinsa, yana iya suma cikin 'yan mintuna, don haka ba a jiran motar kwana-kwana. In yana cikin hayyacinsa ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke. A sauke kwando a hankali, ana lura kada ya danne shi a ƙasa. Wanda bim ya matse, a fara janye kwandon daga bim ɗin kafin komai. Da an sauke shi a kwantar da shi, in a sume yake yana numfashi a juya shi gefe, a kira 112, a kai shi asibiti ko ya ce garau yake ji.

A bakin titi kuma a killace har inda bayan injin ke kaiwa in ya juya, ba iya tayoyi ba, da robobin tare hanya da mai tuta a ɓangaren da motoci ke tahowa.